Yadda Yaya Enid Ta Bi Sawun Sunan Coward

Ni ba da sunan aka haife ni ba, aure ne ya ba ni shi. Ranar da na gaya wa 'yan ɗakin ɗinkinmu a Barrow cewa Clifford Coward zan aura, sai da aka ajiye almakashi aka yi dariya har da hawaye. A bakinmu na yau Coward matsoraci ke nan, kuma ba wanda ya san masa wata ma'ana bayan wannan. Doreen, wadda keken ɗinkinta ke kusa da nawa, ta ce, "Audrey, duk mazan garin nan ki rasa wanda za ki ɗauko sai matsoraci? To ranar da ɓera ya shigo muku ɗaki, ke za ki tashi." Ni ma na taya su dariya. Sai da na tare a Arnbeck, ƙauyensu da ke cikin wani kwari, na gane cewa a gidan ba abin wasa ba ne.

Enid yayar Clifford ce, ta girme shi da shekara goma sha biyu. Uwarsu ta rasu yana ɗan shekara shida, ita ta ƙarasa renonsa, shi ya sa har ya yi furfura ba ta daina kiransa auta ba. Ni kuwa tun ranar biki ta sa mini Amarya, kuma haka ta ci gaba da kirana har na yi jikoki. Doguwar mace ce siririya, takalmin maza take sawa don na mata ba sa shigarta. A lokacin yaƙi, da maza suka tafi, gidan waya ya ɗauke ta rabon wasiƙu, da suka dawo kuma ba wanda ya iya karɓe jakar daga hannunta. Kullum mil goma sha huɗu, rabi a keke, rabi a ƙafa inda hanya ta ƙare. Ta san sunan kowane kare a kwarin, ta san wace tsohuwa ce ke jiran wasiƙar da ba za ta zo ba. Ba ta yi aure ba. In aka zolaye ta cewa da ta yi ko don ta rabu da sunan, sai ta ce ba ta ga wanda ya kai ta canza adireshi dominsa ba.

Ubansu Jonty, wanda ban riske shi ba, a mahaƙar dutse ya yi aiki. Shi ya bar musu labarin cewa wani kakansu ne ya ga yaƙi ya juya da gudu, mutane suka laƙaba masa sunan, ya bi zuriya. Jonty ya yarda da labarin, ya kuma ƙare rayuwarsa yana ƙoƙarin wanke shi da dambe a ƙofar mashaya. Sau uku ana karya masa hanci. Clifford bai gado faɗan ba, amma ya gado ciwon. Shekara biyun da ya yi a soja, kowace safiya sajan sai ya ce, "Matsoraci, taka gaba mu gan ka," sahu ya kwashe da dariya. Ya dawo ya kama tuƙin motar madara, yana bi gona gona yana kwasar garewani, kuma ko a jikin jakar abincinsa bai yarda ya rubuta sunansa cikakke ba.

A 1961 ina da cikin fari. Wata Lahadi muna cin abincin rana a gidan Yaya Enid, naman tunkiya da dankali, sai Clifford ya zaro wata takarda daga aljihun kwat ya shimfiɗa a gefen farantinsa. Ta lauya ce. Ya ce zai sa hannu mu koma Casson, sunan gidan su mahaifiyarsu, kafin a haihu.

"Ni na sha, Baba ya sha," in ji shi. "Ɗana ba zai sha ba."

Enid ta ci gaba da yanka namanta. Can ta ce, "Wane yaƙi ne?"

"Wane yaƙi kuma?"

"Wanda kakan ya gudu. A ina aka yi shi? Wa ya gan shi yana gudun?"

"Yaya, Baba ne ya faɗa."

"Baba ya kuma ce ya taɓa kama kifi mai tsawon ƙofar nan." Ta ajiye wuƙa. "Auta, shekara goma sha tara ina ɗaukar wasiƙa. Ban taɓa yar da ko ɗaya don rubutun bayanta bai yi mini kyau ba, sai na bincika daga ina ta fito. Ka ba ni lokaci. In yaron ya isa shiga makaranta ban samo komai ba, ni zan ara maka alƙalami."

Clifford ya dube ni. Na ce ni dai cikina ya yi nauyi, kar a sa ni a ciki. Ya naɗe takardar ya mai da aljihu. Da aka haifi Graham, Coward aka rubuta masa, a matsayin na wucin gadi.

Ta fara ne daga cocinmu. A ɗan ɗakin baya akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku inda ake ajiye kundayen baftisma da aure da jana'iza. Limamin coci ya ba ta mabuɗan, kowace Asabar in ta gama rabo sai ta shige da kwat ɗinta da safar hannu da ta yanke wa yatsu, don ɗakin ko a Yuli sanyi gare shi. Shekara ɗari na farko bai ba ta wuya ba, mace ce da ta saba da kowane irin karkataccen rubutu a kwarin. Daga nan baya haruffa suka fara canza kama. Ta sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, tana kwaikwayon kowane harafi har hannunta ya gane shi kafin idonta.

In ta fito sai ta biyo ta gidanmu ta sha shayi, ta zauna tana jero mini mutane kamar yanzu ta rabu da su a hanya. Masu fasa dutse, masu ƙona gawayi a daji, wata ungozoma mai suna Agnes da aka ce ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen. Wata rana ta shigo, ta ɗauki Graham ta rungume shi ta daɗe. Daga baya ta ce ta tarar da wani Myles Coward da ya binne 'ya'ya huɗu cikin kwana tara, kuma da shekara ta zagayo ga shi ya kawo jariri baftisma.

"Daga wannan jaririn muka fito, Amarya. Da shi ma ya bi su, da ba auta, ba wannan ɗan."

A shekara ta biyu, wata Asabar ana ruwa, ina yi wa Graham wanka a gaban murhu, sai ga ta ta turo ƙofa ba hula, gashinta ya jiƙe sharkaf. Ta jawo takardar da aka naɗo burodi ta rubuta kalma biyu, ɗaya a saman ɗaya. Ta sama Cowherd, ta ƙasa Coward.

"Shafi ɗaya, shekarar 1698," in ji ta. "Na sama uba ne, ranar jana'izarsa. Na ƙasa ɗansa ne, ranar aurensa, wata biyar tsakani. Tsohon limami ya mutu a tsakiyar shafin, ana ganin inda hannu ya canza. Sabon baƙo ne, abin da kunnensa ya ji ya rubuta. Kin san yadda mutanenmu ke haɗiye tsakiyar magana."

Na karanta ta saman a bayyane. Kalma ce da ko yaro ya sani: makiyayin shanu. Na sake faɗa da sauri irin na mutanen kwarin, sai ga sunan mijina ya fito daga bakina. Duk tsawon shekarun nan yana zaune a kan harshenmu, ba wanda ya ji shi.

Clifford bai yi murnar da muka zata ba. Ya dawo daga aiki ya dubi takardar burodin ya ce, "Daga matsoraci zuwa mai bin bayan saniya. Lallai an ci gaba. Ko in rubuta wa sajan in sanar da shi?"

"Da sauran shekara uku," in ji Enid, ta naɗe takardarta.

Ta ci gaba da ja da baya. Sunan yana ta sauya riga a hannun masu rubutu, wani ya sa Cowhird, wani Cowerd, har ta kai shafin farko na kundi mafi tsufa, wajen 1540, inda ɓeraye suka ci gefe. Daga nan babu sauran littafi, kafin lokacin coci ba ta rubuta talakawa. Nan ta tsaya cik. Ita da ta ƙare ƙuruciyarta tana ɗaukar wasiƙun mutane ba ta aika tata ba, sai ta koma rubuta wasiƙa kowane mako, zuwa duk inda ta ji an ce ana ajiye tsoffin takardu. Yawanci ba amsa. Waɗanda suka amsa kuma haƙuri suke ba ta. Fiye da shekara biyu aka yi a haka, na ga ta fara ramewa, Clifford kuma ya daina tsokanarta, wanda ya fi tsokanar ciwo.

A watan Maris na 1966, saura wata shida Graham ya shiga makaranta, ta ga wasiƙa mai sunanta a cikin jakarta. Daga wani Malam Brockbank ce, tsohon malamin Latin da ya yi ritaya yake taimakawa a gidan adana tsoffin takardu na Preston. Ya ce yana warware wasu akwatuna da aka kwaso daga gidan wani mai ƙasa, ya ci karo da abin da yake ganin gara ta zo ta gani da idonta.

"Amarya, ki raka ni," in ji ta. "Ban taɓa wuce Lancaster ba."

Na bar Graham wurin maƙwabciya muka hau jirgin safe. Malam Brockbank ɗan ƙaramin tsoho ne mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a rataye a wuya. Ya zaunar da mu a wani dogon tebur kusa da taga, ya kawo kwali ya buɗe a hankali. Abin da ke ciki bai fi hankici girma ba. Fata ce, ta yi launin shayi, an cika ta da ƙananan haruffa a jere kamar ɗinkin hannu, ga guntun hatimi yana reto a ƙasa. Ya ce daga gidan 'yan zuhudun nan ta fito, wanda kangonsa ke bakin kogi a ƙasan ƙauyenmu, inda muke kai yara cin abinci ranar hutu. An rubuta ta a 1320.

Ya sa yatsa a saman layi ba tare da ya taɓa ba, yana karanta Latin ɗin yana juya mana. A shekarar da ta gabata annoba ta faɗa wa shanu a ƙasar duka. Da ta iso bakin kwarin, makiyayin 'yan zuhudun, wani mai suna Gamel, ya ware shanu arba'in da shida da ba su kamu ba, ya kora su can saman baƙin tafki, inda ba a kai shanu ko da rani. Ya gina bukkar dutse ya zauna da su. Bai bar mutum ko dabba ta matso ba, har matarsa. Kowace Lahadi takan hau ta ajiye masa burodi a kan wani faffaɗan dutse ta koma, sai ta yi nisa yake saukowa ya ɗauka. Daga Oktoba har Mayu. Da ya sauko, ya zo da shanu talatin da uku da maruƙa tara, sanyi ya cinye masa yatsu uku na ƙafa da biyu na hannu. Ya tarar babu saniya ko ɗaya mai rai a kwarin. Daga waɗannan aka raba wa ƙauyuka iri. Saboda haka shugaban gidan ya ba shi gida da gona a bakin rafi, shi da 'ya'yansa bayansa. A cikin shaidu akwai ɗansa, an rubuta shi Adam Couhird.

Malam Brockbank ya ɗago. "Shekara arba'in ina karanta irin waɗannan, ba su da surutu. A ba wane gona, shaidu su wane, shi ke nan. Wannan magatakardan abin ya taɓa shi, ya kasa yin shiru. Abin da ban gano ba shi ne wurin. Na duba taswira uku."

Enid tana kallon fatar. A hankali ta ce, "Gamskell."

"Na'am?"

"Akwai wani tsoho, Ike Benson, gonarsa ce ta ƙarshe a rabona. In tumakinsa suka ɓace yakan ce sun hau Gamskell. Tarin duwatsu ne a saman tafkin. Ba ya cikin taswira, a bakin Ike kaɗai na taɓa jin sa, shi kuma a bakin kakansa."

A tsohuwar maganar kwarinmu skell bukkar makiyayi ce. Malam Brockbank ya cire tabaransa ya riƙe a hannu, ya maimaita sunan sau biyu, yana raba shi gida biyu: Gam, skell, wato bukkar Gamel. Ya ce, "Shekara ɗari shida da arba'in da shida, baiwar Allah. Ba takarda, ba taswira. Daga baki zuwa baki."

Ana jin motoci suna wucewa a titi. Can Enid ta tambaye shi fatar mene ce.

"Ta maraƙi."

"Daga ina suke samo ta?"

"Ƙaramin gida irin wannan ba ya sayowa daga nesa. Nasu suke jemewa."

"A shekarar da babu sauran shanu a kwarin sai nasa."

Tsohon ya daɗe yana kallonta. "Ban ce ba. Ba zan iya rantsuwa a kai ba. Wataƙila tsohuwar ajiya ce." Sai ya ɗan tura kwalin gabanta. "Doka ta ce kar a taɓa. Ni kuma zan je in duba ko ruwan shayi ya tafasa."

Ta goge hannunta a jikin siket, ta ɗora yatsa ɗaya a gefen fatar, inda ba rubutu. A jirgin komawa, burodi da cukun da muka yi guzuri ni kaɗai na ci.

Clifford ya saurari labarin yana cire takalmi. Bai yi gardama ba, bai kuma ce komai ba sai, "A saman tafkin? Da sanyi? Ba saniyar da za ta yi wata guda a can." Shi mutum ne da ke cikin shanu kowace safiya, ya san abin da suke ci da abin da ke kashe su. Enid ta ce to ya zo ya gani.

Muka hau tsaunin ranar wata Lahadi a watan Mayu, mu uku. Awa biyu da rabi daga gonar Ike Benson. Enid tana gaba kamar a kan titi take, ni a tsakiya, Clifford a baya yana haki yana cewa an haife shi ne don tuƙi. Muka wuce tafkin, ruwansa baƙi ƙirin ko da rana. Daga nan hanya ta ɓace, sai sawun tumaki. Muna cikin hawa ƙanƙara ta zubo mana, a watan Mayu, ta ɗauke kamar ba a yi ba.

Ni da ni kaɗai ce da na wuce wurin ban gane ba. Enid ce ta tsaya ta ture ciyawa da ƙafa. Bango ne, bai wuce gwiwa ba, kusurwa huɗu, an jera duwatsun da hannu, manya a ƙasa. Ƙofar ta ba iska baya. A lungu ɗaya ga wasu duwatsu a shimfiɗe inda murhu yake. Gefe kuma wata babbar da'irar dutse ta kewaye fili a jikin tsaunin, rabinta ya nutse a ƙasa, da ɗan marmaro yana fitowa daga tsakiya. Daga ƙofar bukkar ana hango kwarin gaba ɗaya, har kangon 'yan zuhudun da hasumiyar cocinmu, ƙanana kamar kayan wasan yara.

Clifford ya zagaya da'irar yana ƙirga taku. Ya durƙusa ya ɗanɗana ruwan marmaron. Ya miƙe ya ce, "Ruwa akwai. Mafaka akwai. Me suka ci?"

Enid ba ta sani ba. Shi ya gano da kansa. Ya leƙa wani kwazazzabo a bayan bukkar, ya tarar da shi cike da itatuwan nan masu ganye mai ƙaya da ba sa kaɗewa ko a tsakiyar sanyi, tsofaffi, duk sun karkace. Ya ce ya taɓa jin tsofaffin manoma suna cewa a da, in ciyawa ta ƙare, rassan saman irin waɗannan ake sarowa dabbobi, don na sama ba su da ƙaya sosai.

"Kullum sai ya hau ya saro wa baki arba'in da shida," in ji shi. "A cikin dusar ƙanƙara. Da hannu."

Ya koma cikin bukkar ya kwanta a ƙasa, da kayan cocinsa, don ya gwada tsawonta. Ƙafafunsa ba su miƙe ba. Ya daɗe a kwance yana kallon sama. Ni kuma na gangara kaɗan, na tarar da wani faffaɗan dutse mai kamar tebur, taku wajen ɗari biyu daga ƙofar. Ban san ko shi ne ba. Na tsaya a gefensa na ɗaga kai, na ga daga nan ana iya ganin mutum a ƙofar bukkar amma ba a iya gane fuskarsa. Na tuna matar, wadda ko sunanta ba a rubuta ba, tana hawa nan kowace Lahadi wata bakwai, ta ga hayaƙi ta san yana da rai, ta juya. Sai na zauna a kan dutsen.

Da muka taru za mu sauka, Clifford ya cire hularsa ya riƙe, iska tana watsa masa gashi. Ya ce, "To, Yaya. Kakanmu ke nan."

"Ban sani ba," in ji Enid.

"Kamar yaya ba ki sani ba?"

"Tsakanin Adam ɗan Gamel da mutumin farko a kundin coci akwai shekara ɗari biyu da ashirin. Ba ni da ko suna ɗaya a ciki. Kwari ɗaya ne, suna ɗaya ne, gonar bakin rafi ma a hannun masu sunan take har zamanin kakan Baba. Amma ban ga inda aka rubuta wane ya haifi wane ba, kuma makiyayi ba shi kaɗai ba ne a duniya."

"Shekara biyar kina daskarewa a ɗakin coci, ki jawo ni saman dutse da kayan Lahadi, sannan ki ce ba ki sani ba?"

"Abin da na gani na faɗa maka, auta. Baba ya ba mu labari ba shaida, ka ga inda ya kai shi. Ba zan ba ka wani ba, ko da mai daɗi ne."

Clifford ya mai da hularsa. "Ke ki zauna da takardunki. Ni na haɗa."

A watan Satumba shi da kansa ya kai Graham makaranta, ya bar motar madara a bakin ƙofa tana ruri, ya tsaya gaban malama ya jero mata haruffan sunan ɗaya bayan ɗaya. Ba wai tsokana ta ƙare ba ne. Graham ma ya sha nasa, ya dawo da tsagaggen leɓe fiye da sau ɗaya. Amma yana da abin faɗa, kuma uban ya kai shi saman tun yana ɗan shekara takwas.

Enid ta ajiye jaka a 1981. Sauran shekarunta ta ƙare su ne a kan ramin nan na shekara ɗari biyu da ashirin. Ta samo mutum biyu a ciki, ɗaya a shari'ar wata katanga, ɗaya a wasiyyar wani limami, ta rage shi zuwa ɗari da talatin. Daga nan bai ƙara motsi ba, ita kuma ba ta ja layin da zai haɗa mu da Gamel ba har ta mutu. Masu sunan suka riƙa jin labarinta suna rubuto mata daga wurare masu nisa, tana amsa kowa da hannunta. Bayan rasuwar Clifford na koma gidanta, muka zauna mu biyu.

A bazarar 1999, tana da shekara saba'in da takwas, ƙugunta ya hana ta ko zuwa coci, wani ƙaton mutum ja ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ya ce sunansa Ross Coward, daga New Zealand. Kakan kakansa daga wani ƙauye a nan ya tashi, abin da ya sani ke nan, a gidan waya aka ce ya zo nan. Enid ta sa na dafa shayi. Ta tambaye shi sunan kakan da shekarar tafiyarsa, ta rufe ido, ta gaya masa sunan uwar mutumin da gonar da aka haife shi. Sannan ta ce, "Ɗana, me kake yi a can?"

"Kiwo, Gwaggo. Shanun madara. Ɗari huɗu da 'yan kai."

"Babanka fa?"

"Shi ma. Da kakana. Ba mu iya komai ba sai shi."

"Ka san ma'anar sunanka?"

Ya yi 'yar dariya ya sosa ƙeya. "Wa bai sani ba? Na sha dukan yara a kansa."

Ta ba shi labarin tun daga farko, ba ta ɓoye masa ramin shekara ɗari da talatin ba. Shayinsa ya huce a hannu. Da ta gama ya daɗe yana kallon tafukan hannunsa, sannan ya tambaya ko ana iya zuwa wurin. Ta yage shafin kalanda ta zana masa hanya a baya: gonar Benson, tafki a hannun hagu, kar ya bi sawun tumakin da ya yi dama. Ya sa jar rigar ruwa ya fita.

Ta ce in jawo mata kujera bakin tagar ɗakin girki in kawo madubin hangen nesa. Muka zauna. Bayan awa biyu ta ce ta gan shi, ɗigon ja a saman tafkin. Yana hawa, yana tsayawa, yana hawa. Ya bi dama, ta ce, "Kai, na gaya maka," ya dawo kamar ya ji ta. Can ɗigon ya tsaya wuri ɗaya bai ƙara motsi ba.

"Ya isa," in ji ta, ta miƙo mini madubin don hannunta ya gaji.

Na duba. Yana tsaye a ƙofar bukkar, shi kaɗai a duk faɗin tsaunin. Muka yi ta karɓa-karɓa ni da ita har kusan awa guda, bai sauko ba, mu ma ba mu tashi ba. A watan Janairun da ya biyo ta rasu, a kan wannan kujerar, da rana tsaka.